Gasket ɗin kan inji: ido ba mudu ba ne

Da zarar bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a jahar Maraɗi, mai bin hanyoyin da suka haɗa Gabi da Madarumfa da birnin Maraɗi ba ya rasa ganin mota tsaye a gefe, an ɗaga murfin injinta, tururi na tashi, yaron mota ya ɗauki jarka ya nufi rijiya mafi kusa. In an tambayi direba abin da ya faru, amsar ba ta sakewa: «gasket ya ƙone». Makanikan da suka koyi aiki da Faransanci su ce juwen kilas, waɗanda suka koya a Katsina ko Kano su ce tof-gasket. Abin dai guda ne, wato siririn faifan nan da ake shimfiɗawa tsakanin gangar inji da kansa, kafin a ɗaure su da notoci.

A ƙasar Gabi mota ba kayan ado ba ce. Ita ke ɗauko itace daga kasuwannin karkara na dajin Baban Rafi, waɗanda dokar 1992 ta ba mutanen ƙauyuka ikon gudanarwa, ta kai shi Maraɗi. Ita ke kwasar gero da wake da gujiya ranar kasuwa. Ita ce kuma ke ɗaukar mace mai doguwar naƙuda zuwa asibitin Madarumfa cikin dare. Tun wajen shekarar 2019, da ƴan bindiga suka soma addabar ƙauyukan bakin iyaka, mutuwar mota a daji gab da magariba ta wuce zancen asarar kuɗi, ta zama zancen rai. Saboda haka faifan da ba ya kai kaurin tsabar dala ya cancanci a zauna a yi maganarsa.

Maganar kuwa ɗaya ce. A injin da ke da turbo, da wuya gasket ya mutu don kansa. Kashe shi ake yi, ko dai ranar da aka zaɓe shi, ko ranar da aka ɗaure shi, ko a kan hanya. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aiki rabin farko na karin maganar kaɗai ke da amfani, domin bambancin da ke raba gyara da ɓarna bai fi kaurin gashi guda ba.

Nauyin da faifan ke ɗauke da shi

Abubuwa uku ke ratsa tsakanin gangar inji da kansa, kuma ba a so ko ɗaya ya sadu da ɗan'uwansa. Na farko wutar da ke tashi a cikin silinda, wadda zafinta ke kaiwa digiri dubu 2. Na biyu ruwan da ke zagayawa yana sanyaya ƙarfe. Na uku baƙin mai da ke hawa sama yana jiƙa bawuloli. Gasket shi ne katangar da ke tsakaninsu. In katangar ta tsage ta wajen ruwa, sai a ga farin hayaƙi a salansa, ruwa na raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, lagireto na kumfa, tiyo ya yi tauri kamar an hura shi. In ta tsage tsakanin ruwa da mai, sai man ya koma kamar an dama shi da nono. In tsakanin silinda biyu ne, sai ƙarfi ya tafi, inji ya riƙa ɗingishi.

Domin a gane girman matsin da ke kan faifan, sai a kwatanta shi da tayar mota. Mai faci kan hura taya har bar 2 ko 3, abin da yake ce ma kilo biyu ko uku. A cikin silindar injin gazuwal na zamani mai turbo, matsin kan haura bar 150 a lokacin da man ya kama wuta, kuma hakan na faruwa sau dubbai a kowane minti. Kowace fashewa tana ƙoƙarin ɗaga kan inji sama, notoci na mayar da shi ƙasa, faifan yana tsakiya yana shan duka.

Abin da turbo ya ƙara

Turbo ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905: a sa hayaƙin da inji ke fitarwa ya juya wata ƴar fanka, ita kuma ta juya wata wadda za ta cusa ƙarin iska a cikin silinda. Inda iska ta ƙaru ana iya ƙara mai, inda mai ya ƙaru ƙarfi ya ƙaru, alhali injin bai ƙara girma ba. Fankar kan juya fiye da sau dubu 100 a minti. Motocin hawa na farko masu turbo sun fito a Amurka a 1962. Na gazuwal kuwa sai a 1978 kamfanin Mercedes ya fitar da 300 SD, Peugeot ya biyo baya da 604 a 1979.

Mutanen Nijar sun ga iyakar abin da turbo ke iya yi da idanunsu a zamanin tseren Paris zuwa Dakar, sa'ad da yake ratsa Agadas da Tenere. Motar Peugeot 205 Turbo 16, wadda injinta bai kai lita 2 ba amma yake ba da ƙarfin dawaki fiye da 300, ta ci tseren a 1987 a hannun Ari Vatanen, ta sake ci a 1988 a hannun Juha Kankkunen. Ƙanwarta 405 ta ci na 1989 da na 1990. Abin da ƴan kallo ba su cika lura da shi ba, shi ne rundunar makanikai da manyan motocin kayan gyara da ke biye da waɗannan motoci, ana duba su kowane dare da kayan awo. Tseren ya bar Afirka bayan an soke na 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga nan ya koma Saudiyya a 2020. Turbo kuwa bai tafi ba, ya shigo gida ya zauna.

Motocin da suka raini direbobin yankin, irin su Peugeot 504 da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, ba su da turbo, kuma suna da haƙuri: a ɗaure su da ido, a zuba masu ruwan rijiya, su ci gaba da tafiya. Amma Hilux da Prado da Land Cruiser da suka shigo daga baya, ko ta hannun ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin raya karkara, ko cikin tsofaffin motocin Turai da aka daɗe ana saukewa a Kwatano, da yawansu turbo gare su. Wato dabarar motar tsere ta iso Gabi, kayan awon motar tsere ba su iso ba. Hannun da ya saba da 504 shi ke buɗe injin turbo, da sifana guda da guntun bututu.

Zaɓen iri

Gasket iri biyu aka fi samu a shagunan Maraɗi da Katsina da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Na farko mai laushi ne: ƙarfe a tsakiya, an lulluɓe shi da wani abu mai kama da kwali, bakin kowace silinda kuma an yi masa zoben ƙarfe. A da da amiyanti ake yin lulluɓin, wato asbestos, har aka tabbatar ƙurarsa na jawo ciwon huhu da sankara. Faransa ta hana shi a 1997, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005. Yanzu an fi amfani da girafit, irin baƙin da ke cikin fensir, da wasu zaruruwa. Kyawun wannan iri shi ne yana rufe ƴan ƙananan ramuka da ƙarce a fuskar ƙarfe. Aibinsa shi ne ba ya jure babban matsi da zafi na dogon lokaci. Makanikin da ke kankare tsohon faifai ya kyautu ya jiƙa shi tukuna, kada ya hure ƙurar da baki, tunda ba a san da me aka yi shi ba.

Na biyu na ƙarfe ne zalla: siraran falle uku zuwa biyar na ƙarfen da ba ya tsatsa, an jera su, an yi masu ɗan tudu kewaye da kowane rami, sannan an shafa masu roba siririya ƙwarai. Wannan tudu yana aiki kamar sifirin: in kan inji ya ɗan ɗaga, tudun ya bi shi, in ya sauko ya lotsa. Tun shekarun 1990 irin wannan ya zama ruwan dare a injinan turbo. Yana da ƙarfi, amma ba ya yafe kuskure, domin ba shi da naman da zai cike rami. Masu motocin tsere suna da na uku, faifan jan ƙarfe tare da zoben waya da ake binnewa a bakin silinda. Yana riƙe wuta sosai, amma yakan tsattsafo da ruwa, kuma an yi shi ne don injin da ake buɗewa a kai a kai. Motar kasuwa ba ta da hurumi da shi.

Ƙa'idar zaɓe ba ta da wuya: injin da ya fito daga kamfani da faifan ƙarfe, faifan ƙarfe za a mayar masa. Kuma ba da sunan mota ake saye ba, da lambar inji ake saye, domin Hilux guda tana iya ɗaukar inji iri dabam-dabam bisa ga shekara da ƙasar da aka yi ta dominta. Kafin a ɗora sabon, a aza shi a kan tsohon a duba rami bayan rami. Ramin ruwa guda da ya toshe ya isa ya dafa silinda.

Sai zancen araha. Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairu 1994, da farashin kayan waje ya ninka dare ɗaya, mai mota ya koyi neman na biyu da na uku a wajen kyau. Rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, sun ƙara tsadar kaya na wani lokaci. Uzurin a fili yake. Sai dai lissafin bai tsaya a kan kuɗin faifan ba. A kansa akwai ladan makaniki, da sabon mai, da matata, da kwanakin da mota za ta yi ba ta kawo ko dala. Wanda ya rage ƴan jikkuna a wurin faifai, ya biya duk waɗannan sau biyu, bai yi tsimi ba. Araha ba ta ado.

Zancen kauri

Nan ne inda aka fi yin ɓarna cikin rashin sani. A injin gazuwal fistan yana hawa har ya ɗan leƙo saman gangar inji, kuma tazarar da ke raguwa tsakaninsa da kan inji ba ta kai milimita guda ba. Kaurin gasket shi ke tsayar da wannan tazara. Don haka kamfanoni irin su Toyota da Peugeot da Volkswagen suke yin faifan inji guda da kauri dabam-dabam, suna yi masa shaida da ƴan tsaga ko ƴan huda a gefe. Bambancin da ke tsakanin wannan da mai bi masa kan kasance milimita 0,05 zuwa 0,10. Yadda ake zaɓe shi ne a kawo kowane fistan ƙololuwa, a auna leƙowarsa da agogon awo, a duba jadawalin da ke cikin littafin injin. In ba a taɓa fistan ko gangar inji ba, ya isa a ƙirga tsagar tsohon faifan a sayo mai irinta, muddin an tabbata tsohon na asali ne.

In faifan ya yi siriri, fistan na iya sumbatar kan inji ko bawul. In ya yi kauri, matsi ya ragu, mota ta riƙa wuyar tashi da sanyin hunturu, tana farin hayaƙi, tana shan mai. Akwai kuma wata fahimta da ta yaɗu a gareji, cewa duk kan da aka kai aka goge fuskarsa, dole a sa masa faifai mafi kauri. A injin isansi maganar tana da tushe, domin ɗakin wuta a cikin kan yake. In an rage fuskar, ɗakin ya ƙanƙance, matsi ya ƙaru, injin turbo kuma ya soma ƙwanƙwasa, wato man ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, abin da ke cinye zoben faifai da kan fistan. A mafi yawan injinan gazuwal kuwa fuskar kan a shimfiɗe take, gugar ba ta sake leƙowar fistan; abin da take sakewa shi ne zurfin bawuloli, kuma su ya kamata a auna a gyara. Amma haɗa faifai biyu a ɗora, wai don a cike gurbi, wannan sayen rariya ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Haka nan mai sha'awar ɗaura turbo a injin da bai zo da shi ba, ya dubi misalin Land Cruiser. A 1990 Toyota ya fitar da inji biyu masu girma ɗaya, lita 4,2 da silinda shida: 1HZ marar turbo, da 1HD-T mai turbo. Na farkon yana matse iska har ta koma kusan kashi 1 cikin 22 na girmanta. Na biyun aka rage masa zuwa wajen kashi 1 cikin 18 da rabi, aka sake masa fistan da kai da hanyar fesa mai. Kamfanin da ya ƙera injin bai ga ya isa a liƙa turbo kawai ba. Wanda ya liƙa, sannan ya murɗa famfon gazuwal don ƙarin ƙarfi, to ya san ba faifan da zai cece shi.

Fuska da ɗauri

Kafin a ɗora sabon faifai dole fuskokin biyu su zama a miƙe kuma da santsi. Injina da yawa na zamani, kamar 1KZ-TE mai lita 3 da ya fito a 1993, gangarsu ta baƙin ƙarfe ce, kansu na alminiyam. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka duk tashi da kashewa kan yana ɗan gogar faifan, kuma in inji ya tafasa sau ɗaya tak, kan na iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ana gane lanƙwasa da miƙaƙƙen ƙarfen awo, a aza shi a tsaye da a kwance da a karkace, a riƙa zura siraran ƙarafan awo a ƙarƙashinsa. Iyakar da littattafan kamfanoni ke yarda da ita kan faɗa tsakanin milimita 0,05 da 0,20, gwargwadon injin. Ba idon da ke ganin wannan. Tsaga kuwa sai an kai kan wurin masu gwada shi da matsi a cikin ruwan zafi, a manyan garuruwa. Wasu kawunan kamfani bai yarda a goge su ba sam, in sun wuce iyaka sai sabo.

Goge fuska da takardar yashi a hannu, ko da dutsen wasa wuƙa, yana barin kwari da tudu. Faifai mai laushi kan haɗiye wannan na ɗan lokaci, faifan ƙarfe ba ya haɗiyewa. In ɗan yatsa ya bi fuskar farce ya kama ƙarce, to ba ta yi ba. Kuma aikin na son wuri mai tsabta. A lokacin hunturu, da ƙura ke cika sararin Gabi, injin da aka bari a buɗe a gindin bedi ya kwana, an riga an zuba masa yashi. A rufe shi da tsumma mai tsabta, a ɗora faifan a ƙarshe, daga ledarsa zuwa mazauninsa.

Sannan ɗauri. Notin kan inji ba ƙusa ba ne, sifirin ne: ana miƙe shi ne don ya riƙa jan kan zuwa ƙasa. A injinan zamani da yawa ana ɗaure shi da sifana mai awo har wani adadi, sannan a ƙara juya shi da kusurwa. A injinan gazuwal na Toyota da dama, kwatan zagaye ne, wato digiri 90, sau biyu. Wannan yana kai notin bakin iyakar miƙewarsa, shi ya sa wasu kamfanoni suka ce a sake notoci duk sa'ad da aka buɗe, wasu suka ce a auna kaurinsu ko tsawonsu kafin a mayar. Notin da ya riga ya saki, ko an ɗaure shi har dantse ya gaji, ba ya riƙewa. Ramukan notoci a share su, a tsane mai da ruwan da suka taru a ciki, domin noti in ya sauka a kan ruwa, sifana za ta ce ya ɗauru alhali bai ɗauru ba, wani lokaci ma gangar ta tsage. A ɗan shafa ma zaren noti mai in littafi ya ce haka. Ɗauri daga tsakiya ake somawa a yi waje, hawa-hawa, kamar yadda ake shimfiɗa tabarma. Kwancewa kuwa daga waje a yo ciki, kuma sai inji ya huce sarai. Tsofaffin injina masu faifai mai laushi akan sake bin notocinsu bayan tafiyar kilomita wajen dubu. Na kusurwa ba a sake taɓa su.

Game da manne, wato silikon da giris da fenti da ake shafa ma faifai «don ya kama», faifan zamani a bushe ake ɗora shi. Robar da aka shafa masa a kamfani ita ce mannensa. Abin da aka ƙara a kai yana hana shi zama daidai, zafi ya ƙone shi ya bar kafa, ragowar kuma ta ɓalle ta toshe hanyar ruwa ko ta mai. Inda littafi ya nuna a ɗiga manne, kamar mahaɗar murfin gaba a wasu injina, a ɗiga a nan kaɗai. Haka ma garin da ake zubawa a lagireto don toshe yoyo: yana iya kai mota gida, amma yana toshe lagireton tare da yoyon.

Ruwa ba ya tsami banza

Ko an yi duk wannan daidai, in ba a nemo abin da ya kashe tsohon faifan ba, sabon ma zai bi shi. Yawanci zafi ne, zafin kuma yana da iyaye. Ruwan rijiya na ɗauke da gishiri da farar ƙasa masu taruwa a cikin lagireto, yana kuma cin ƙarfe da alminiyam har bakin faifan ya rube. Ruwan sanyaya inji na kanti, mai launi, an sa masa maganin tsatsa, kuma shi ya dace da injin turbo. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kusan bar guda, wanda ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, ruwa ya tafasa tun a digiri 100. Cire tamostat, al'adar da ta zama kamar farilla a ƙasashen zafi, yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, a wasu injinan ma yana sa ruwa ya riƙa kewayawa ta gajeriyar hanya ba ya bi ta lagireto. Fankar da ta saki, famfon ruwa da ya cinye, ƙaiƙayi da ciyawa da suka cushe gaban lagireto bayan tafiyar daji, kowannensu ya isa.

Akwai kuma zafin da allurar gaban direba ba ta nunawa da wuri. Matatar iska da ƙura ta toshe, nozul mai ɗiga, famfon da aka murɗa har mota na tuƙa baƙin hayaƙi, lodin itace da ya ninka ƙa'ida a cikin yashin gulbi da babbar giya: duk suna ƙara wutar cikin silinda. Direban da ya ga allura ta hau, ya tsaya, kada ya ce bari a kai gari. Kada kuma ya kwarara ruwan sanyi a injin da ke tafasa, ko ya buɗe murfin lagireto da zafinsa. Bayan doguwar tafiya ya bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a hankali kafin ya kashe, don turbo ya huce.

Kowa da nasa rabo

Laifin ba na makaniki kaɗai ba ne. Mai motar da ke tsaye a kansa yana cewa gobe kasuwa, shi ke hana a kai kan inji awo. Mai shagon da ke miƙa faifai ba tare da ya tambayi lambar inji ba, shi ma da nasa. Makanikan karkara ba basira suka rasa ba. Mutanen da ke tayar da matacciyar mota da waya da guntun roba ba a kiran su marasa basira. Kayan awo suka rasa, kayan kuwa huɗu ne: sifana mai awo, agogon awo, miƙaƙƙen ƙarfe, da siraran ƙarafan awo. In sun fi ƙarfin mutum guda, ba su fi ƙarfin adashin makanikan gari guda ba, a ajiye su a hannun shugaban sana'a, mai bukata ya ara. Adadin ɗauri da jadawalin kauri, waɗanda a da sai a littafin da ke kulle a ofishin wakilin kamfani, yanzu ana samun su ta intanet a wayar hannu. Yaron gareji da ya yi makaranta zai iya karanta ma maigidansa, ba tare da girman kowa ya faɗi ba. Makarantun koyon sana'a na jahar, har da lise teknik Ɗan Kasawa na Maraɗi, suna da rawar da za su taka wajen kai wannan sani ga waɗanda suka koyi aiki a bakin hanya.

Mai mota kuma, kafin ya biya kuɗin gyara, yana da ikon yin tambaya uku cikin ladabi: me ya kashe tsohon faifan, nawa awon kan ya nuna, kuma tsaga nawa ke ga sabon. Makanikin da ya amsa ukun nan, a riƙe shi da kyau, a kuma ba shi kwanakin da aikin ke bukata. Allah ya kiyaye hanya.